Hukumar harajin GST ta Indiya ta yanke mana hukunci ba ta ji ta bakinmu ba: akwai mafita?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na daɗe ina sayen yadi daga Surat, har ta kai ni da wani abokin hulɗata ɗan can muka yi rajistar ƙaramin kamfani a jihar Gujarat, don mu riƙa sayen kaya daga masaƙa muna turowa gida. A watan Satumba hukumar harajin GST ta aiko wa kamfanin takarda, wai a shekarar kuɗi ta 2021-22 mun ciri ragin haraji fiye da abin da ya bayyana a lissafin waɗanda suka sayar mana da kaya. Akantanmu ya rubuta amsa ya haɗa da rasitai. Ba a kira mu ba, ba a sa mana rana ba. A tsakiyar Disamba sai ga hukunci layi uku, wai amsarmu ba ta gamsar ba, mu biya haraji da ruwa da tara, kuma kuɗin ya fi wanda aka rubuta a takardar farko. Akanta ya ce wataƙila don a fom ɗin amsa ya zaɓi 'a'a' a wurin da ake tambaya ko muna son zaman sauraro. Shin haka doka ta ce? Akwai abin yi, ko mu biya mu huta? Ina Kano, ban san dokarsu ba."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa.

Abin da kake son sani shi ne ko jami'in haraji a Indiya yana da ikon ɗora wa kamfani bashi ba tare da ya zauna da masu shi ba, da kuma ko "a'a" ɗin da akanta ya danna ya rufe muku baki. Idan abin ya gudana yadda ka bayyana, hukuncin nan yana da rauni ƙwarai a dokar ƙasar, kuma "a'a" ɗin bai wanke jami'in ba. Sai dai ka riƙe abu guda tun daga nan: kotu ba ta yafe haraji don an ƙi sauraron mutum. Abin da take bayarwa zama ne na biyu, kuma shi ma sai ga wanda ya motsa kafin wa'adi ya cika. Ni lauya ne a nan gida, yawancin aikina da 'yan kasuwar da ke hulɗa da Indiya ne, tare da lauyoyi da akantocin can. Ba ni da izinin tsayawa a gaban kotunsu, kuma ban ga takardunku ba, don haka ka ɗauki wannan a matsayin abin da za ka shiga ofishin lauyan Gujarat da shi, ba madadin lauyan ba.

Yadda rigimar take tasowa

Indiya ta fara GST ranar 1 ga Yuli 2017, ta haɗe haraji iri-iri na tarayya da na jihohi wuri guda. Yana aiki kamar VAT ɗinmu: ɗan kasuwa yana karɓar haraji a kan abin da ya sayar, ya cire wanda ya riga ya biya a kan abin da ya saya (wannan cirewar ce ake kira ragin haraji), ya miƙa wa gwamnati ragowar. Mai fitar da kaya waje irinku ba ya cajin haraji a kan kayan da suka bar ƙasar, saboda haka harajin da kuka biya wa masaƙa shi ne kuke nema a maido muku. Wannan ragin shi ne ribar da yawa daga cikin masu fitar da kaya, shi ya sa idan aka taɓa shi ake jin zafi.

Kowane wata kamfaninku yana cika fom ɗin GSTR-3B ya faɗi ragin da ya ɗauka. Wanda ya sayar muku shi ma yana cika nasa, GSTR-1, kwamfuta ta kwaso abin da ya rubuta ta zuba a shafinku na GST a intanet, a GSTR-2A da GSTR-2B. Idan dila bai cika nasa ba, ko ya yi kuskure a lambar rajistarku, ko ya karɓi harajin ya cinye, sai lissafi biyun su saɓa. Kwamfuta ba ta san dalili ba, bambanci kawai take gani. Mutum ne zai san dalili, shi ma sai ya tambaya. Amfanin zaman sauraro ke nan a irin wannan shari'a.

Tushen haƙƙin

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Sayyidina Aliyu Yaman alƙalanci, ya umarce shi kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma abin da yake karewa ke nan. A Indiya kotuna ne suka gina ƙa'idar a hankali. A shari'ar Binapani Dei ta 1967 Kotun Ƙoli ta ce ko hukuncin ofis ne ba na kotu ba, muddin zai cutar da mutum, sai an ji ta bakinsa. A shari'ar Maneka Gandhi ta 1978, wadda gwamnati ta ƙwace wa fasfo ba tare da an saurare ta ba, kotun ta ɗaura ƙa'idar a jikin kundin tsarin mulki kansa.

Amma kai ba ka ma buƙatar zuwa nesa haka, domin dokar GST ta 2017 ta rubuta abin ƙarara a sashe na 75, kuma dokar Gujarat kwafin ta tarayya ce a wannan wuri. Ƙaramin sashe na 4 ya ce a ba mutum damar a saurare shi a hali biyu: idan ya nema a rubuce, ko idan jami'in yana shirin yanke hukuncin da zai cutar da shi. Kowanne daga cikin biyun yana tsaye da ƙafarsa. Akantanku ya rufe ƙofar farko da ya zaɓi "a'a", ta biyu kuwa ba a hannunsa take ba. Nauyi ne da doka ta ɗora wa jami'in, kuma ranar da ya ƙudura cewa zai tabbatar da bashin, ranar nauyin ya hau kansa. Babbar Kotun Allahabad ta faɗi haka a shari'ar Bharat Mint ta 2022, sannan a ta Mohini Traders ta 2023 ta taɓo ainihin halin da kuke ciki, ta ce zaɓen "a'a" a wancan gurbi ba ya sauke wa jami'i wajibinsa. Hukuncin kotun wata jiha ba ya ɗaure Gujarat, amma ita ma Babbar Kotun Gujarat ta bi wannan hanya a shari'ar Graziano Trasmissioni ta 2022, kuma wannan ita ce kotun da ke kanku.

Ƙaramin sashe na 6 ya wajabta wa jami'in ya rubuta hujjojin da ya dogara da su da dalilin hukuncinsa. "Amsa ba ta gamsar ba" sakamako ne, ba dalili ba. Idan kun kawo rasit talatin, hukuncin ya kamata ya nuna wanne aka karɓa, wanne aka ƙi, kuma don me. In ba haka ba, ko za ku ɗaukaka ƙara ba ku san abin da za ku ƙalubalanta ba. Sai dai ka bincika wani abu kafin ka riƙe wannan hujja: abin da akanta ya turo maka mai layi uku wataƙila fom ɗin DRC-07 ne, wanda taƙaitawa ce kawai, kuma sau da yawa akwai cikakken hukunci maƙale da shi. Na sha ganin ɗan kasuwa ya kawo mini taƙaitawar yana fushi, da muka buɗe abin da ke maƙale sai ga shafuka da dama na bayani. Idan kuwa babu komai a bayan layi ukun, hujjarka ta yi ƙarfi.

Batun ƙarin kuɗi kuma ƙaramin sashe na 7 ne ya yi magana a kansa: haraji da ruwa da tarar da ke cikin hukunci ba za su wuce abin da aka ambata a takardar neman bahasi ba (irin wadda aka aiko muku a Satumba), kuma ba a tabbatar da bashi a kan wani dalilin da ba ya cikin takardar. Hikimar a fili take, mutum ba zai kare kansa daga tuhumar da ba a gaya masa ba. A nan ma a ajiye takardun biyu gefe da gefe a duba layi-layi. Idan asalin harajin ne ya ƙaru, ko aka shigo da sunan wani dila da babu shi a takardar Satumba, ko aka sa tarar da ba a ambata ba, an taka doka. Idan kuwa ruwan ne kawai ya hau saboda watanni uku da suka shuɗe, hukuma za ta ce ruwa doka ce ta ɗora shi ba jami'i ba, kuma maganar tasu ba ta rasa tushe ba.

Sauraro bai tsaya a kan zama kaɗai ba. Takardar neman bahasi dole ta fayyace tuhumar yadda za a iya amsa ta, kuma kada ta zo da hukunci a kunshe tun farko, kamar yadda Kotun Ƙoli ta ja kunne a shari'ar Oryx Fisheries ta 2010. Duk takardar da hukuma ta dogara da ita sai an ba ku kwafi. Idan kuma da maganar wani mutum aka kama ku, misali dila ya ce bai taɓa sayar muku da komai ba, kuna da damar neman a kawo shi ku yi masa tambayoyi. A shari'ar Andaman Timber ta 2015 Kotun Ƙoli ta ce hana wannan dama yana ɓata hukuncin gaba ɗaya. Doka ta yarda a ɗage zama har sau uku idan akwai uzuri. Wasu jami'an sukan rubuta ranaku uku a takarda guda su ce an cika sharaɗi, Babbar Kotun Gujarat kuwa ta ƙi amincewa da wannan dabara tun zamanin tsohuwar dokar haraji.

Me ya sa ake yawan yin haka

Ba lallai ne wani ya nufe ku da sharri ba. Dubi kwanan watan. Idan babu zargin zamba, a kan shekararku sashe na 73 ya ba jami'i shekara uku daga ranar da ya kamata a miƙa rahoton shekara ya fitar da hukunci, kuma takardar neman bahasi ta riga wa'adin da aƙalla wata uku. Rahoton 2021-22 wa'adinsa 31 ga Disamba 2022 ne, don haka takarda sai ta fita kafin ƙarshen Satumba 2025, hukunci kuma kafin ƙarshen Disamba. Ka ga taku ta zo a Satumba, hukunci a Disamba. Jami'i guda yana da tarin fayil da duk za su mutu a dare ɗaya, fayil ɗin da ya mutu a hannunsa kuwa shi za a tuhuma. A ganina akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba: jami'in da ya janye bashi masu binciken kuɗin gwamnati za su tambaye shi dalili, wanda ya tabbatar da bashi kuwa babu mai tambayarsa, ɗan kasuwa ne zai yi ta yawon ɗaukaka ƙara. Ga shi sau da yawa wanda ya rubuta tuhumar shi ne mai yanke hukunci.

Sai kuma shafin GST na intanet. Sashe na 169 ya ɗauki sanya takarda a shafin a matsayin isar da ita. An daɗe wasu takardun suna faɗawa a wani lungu na "ƙarin sanarwa" da mutane ba sa buɗewa, har kotuna suka soke hukunce-hukunce da yawa a kan haka, aka gyara shafin a farkon 2024. Na kawo wannan ne don ya shafe ka ta wata fuska: kafin lauya ya rantse a gaban kotu cewa ba a sa muku rana ba, a buɗe shafin a duba ko'ina, a duba imel da lambar wayar da aka yi rajista da su. A harkokin da suka biyo ta hannuna, galibi imel ɗin akanta ne, wani lokaci ma na tsohon akantan da aka rabu da shi. Idan aka tarar an sa rana har an tuna muku ba ku zo ba, labarin ya sauya. Doka dama ta ce a ba ku, ba ta ce a kamo ku ba. A duba kuma fom ɗin DRC-01 na Satumba, wato taƙaitawar takardar neman bahasi: akwai gurbin rana da lokaci da wurin zama. Idan an bar shi fayau ko an rubuta cewa babu, wannan shaida ce daga hannun hukuma da kanta, kuma ta fi kowace rantsuwa.

Hanya biyu, da tarkon da ke tsakaninsu

Ta farko ɗaukaka ƙara ce a cikin hukumar, ƙarƙashin sashe na 107, da fom ɗin APL-01. Wa'adi wata uku ne daga ranar da aka isar da hukunci, da ƙarin wata guda idan an nuna uzuri mai ƙarfi. Bayan nan jami'in ɗaukaka ƙara ba shi da ikon karɓa ko da ya so. Hukuncin tsakiyar Disamba yana nufin tsakiyar Maris, kuma kada ka sa watan alfarma a lissafi. Za ku biya duk abin da kuka yarda ana binku, da kashi 10 cikin 100 na harajin da kuke jayayya a kai, ban da ruwa da tara. Da zarar an biya, karɓar sauran kuɗin ya tsaya har a gama shari'a. Wannan kariya ce babba, domin idan wata uku suka cika babu biya babu ƙara, sashe na 79 ya ba hukuma ikon rubuta wa bankinku kai tsaye ta cire kuɗin, kuma tana iya riƙe kuɗin da kuke jira a maido muku na kayan da kuka fitar.

Aibin wannan hanya shi ne doka ta hana jami'in ɗaukaka ƙara mayar da fayil ga jami'in farko. Zai saurare ku, kuma ƙa'ida ta 112 ta yarda ku kawo sabbin takardu idan ba a ba ku isasshiyar dama a ƙasa ba, amma matakin da aka tsallake ya tafi ke nan. Idan shi ma bai gamsar ba, sai kotun ɗaukaka ƙarar GST, wadda doka ta tanada tun 2017 amma ba a ƙaddamar da ita ba sai Satumba 2025, can ma da ƙarin kashi 10.

Ta biyu ita ce zuwa Babbar Kotun Gujarat a Ahmedabad kai tsaye, ƙarƙashin sashe na 226 na kundin tsarin mulki. A al'ada kotu takan ce wa mai ƙarar haraji ya je ya bi matakan da doka ta shimfiɗa, amma hana mutum sauraro yana cikin 'yan dalilan da aka keɓe, tun shari'ar Whirlpool ta 1998, kuma Kotun Ƙoli ta sake jaddada shi a kan GST a shari'ar Radha Krishan Industries ta 2021. Idan kotu ta karɓa, takan soke hukuncin ta mayar da fayil ga jami'in, ta ce ya sa rana, ya saurara, ya rubuta dalili. Babu kashi 10 na dole, kodayake alƙalai a wasu jihohi, musamman na Babbar Kotun Madras da ke jihar Tamil Nadu, sukan gindaya sharaɗin a ajiye wani kaso kafin a sake zama.

Kada a ɗauka wannan hanya tabbas ce. Karɓa ko ƙi yana hannun alƙali. A shari'ar Dharampal Satyapal ta 2015 Kotun Ƙoli ta ce idan ya bayyana ko an saurari mutum sakamakon ba zai sauya ba, ba dole ne a mayar da fayil ba. Shi ya sa ƙwararren lauya ba ya tsayawa a kan "ba a saurare mu ba", yana nuna wa kotu abin da da an saurare ku da kun faɗa. Idan kuma an mayar da fayil, jami'in yana da shekara biyu ya fitar da sabon hukunci, ruwan kashi 18 cikin 100 a shekara kuwa ba ya jiran kowa idan a ƙarshe bashin ya tabbata.

Tarkon shi ne wa'adi. Shigar da ƙara a Babbar Kotu ba ya tsayar da wata ukun da kansa. Wanda ya bari suka wuce sannan ya garzaya kotu, hukuncin Glaxo Smith Kline na 2020 yana jiransa, inda Kotun Ƙoli ta ce bai kamata Babbar Kotu ta zama hanyar kauce wa wa'adin da doka ta sa ba. Haka nan takardar neman gyaran kuskure ta sashe na 161, wadda akantoci suke so saboda ba a biyan komai: tana da amfani idan kuskuren lissafi ne a fili, amma ba ta tsayar da agogo, kuma na ga waɗanda suka zauna jiran amsarta har lokacin ɗaukaka ƙara ya kuɓuce musu.

Da ni ne a matsayinka, zan auna da girman kuɗin. Idan kashi 10 ɗin bai kai kuɗin lauyan Babbar Kotu ba, kuma takardunku masu kyau ne, a ɗaukaka ƙara kawai, a sa rashin sauraro da rashin dalili da ƙarin kuɗi a sahun farko na hujjoji. Idan kuɗin babba ne kuma laifin hukuma yana bayyane a kan takardunta, a tafi Ahmedabad yanzu, tun da sauran makonni, a shirya APL-01 a ajiye, lauya kuma ya roƙi kotu cewa idan za ta ƙi karɓa ta ba ku lokacin ɗaukaka ƙara.

Maganar a biya a huta kuwa, ba laifi ba ce ga ɓangaren da kuka san ba ku da hujja a kansa, biyansa ma yana tsayar da ruwansa. Amma damar biya ba tare da tara ba kwana 30 ce daga takardar neman bahasi, ta wuce. Tarar sashe na 73 kashi 10 ce na harajin ko rufi (kuɗin Indiya) 10,000, duk wanda ya fi yawa. Afuwar ruwa da tara da aka yi a sashe na 128A ta tsaya a shekarun 2017-18 zuwa 2019-20, ba ta kai ga shekararku ba. A tabbatar kuma a ƙarƙashin wane sashe aka yanke hukuncin, domin idan na 74 ne, zargin zamba ke nan, tara daidai da harajin, kuma biya shiru a kan irin wannan zargi ba hutu ba ne.

Abin da za ku faɗa ranar da aka saurare ku

Nan ne ake cin shari'a ko a faɗi, kuma nan ne 'yan kasuwa suka fi sakaci. Sashe na 155 ya ɗora nauyin tabbatar da ragin haraji a kan mai nemansa. A shari'ar Ecom Gill ta 2023, wadda aka yi a kan tsohuwar dokar VAT ta Karnataka amma jami'an GST suka rungume ta, Kotun Ƙoli ta ce rasit da shaidar biya ta banki ba su isa ba, sai an nuna kaya sun motsa da gaske. Rasitan da akantanku ya haɗa, ke nan, rabin aiki ne. A kan kowane dila a haɗa takardar ciniki, da takardar izinin ɗaukar kaya ta intanet wadda ake fitarwa ga kayan da suka haura rufi 50,000, da lambar mota da rasit ɗin dako, da littafin sito da ya nuna shigar kaya, da shaidar an biya shi cikin kwana 180. Ku kuma kuna da abin da mai sayarwa a cikin gida ba shi da shi: takardun kwastan na fitar da kaya da na jirgin ruwa. Ba su tabbatar da daga wa aka sayi yadin ba, amma idan yawan mita da nau'in yadi suka yi daidai da na rasit, da wuya a ce cinikin takarda ne. Takardun shigowar kwantenar da ke hannunka a Kano ma su shiga fayil.

A raba shekarar gida biyu. Daga 1 ga Janairu 2022 doka ta sa bayyanar rasit a GSTR-2B ya zama sharaɗi, don haka watanni ukun ƙarshe sun fi tsauri. Na Afrilu zuwa Disamba 2021 kuwa akwai sanarwar hukumar tarayya mai lamba 193 ta 2023, wadda ta yarda a rufe giɓin da takardar shaida daga dila idan bambancinsa bai wuce rufi 500,000 ba, ko daga ƙwararren akanta idan ya wuce, amma a iyakar kashi 5 cikin 100 sama da abin da ya bayyana a shafin. Idan matsalar dila ne ya karɓi haraji bai miƙa ba, akwai hukuncin Babbar Kotun Calcutta a shari'ar Suncraft Energy ta 2023, cewa hukuma ta fara bin mai sayarwa kafin ta juyo kan mai saye na gaskiya. Hujja ce mai kyau, sai dai kotunan jihohi ba su haɗu a kanta ba, kada a jingina da ita kaɗai.

A wannan karon a nemi zama a rubuce, a nemi kwafin duk abin da aka dogara da shi, kuma bayan zama a miƙa taƙaitaccen bayani a rubuce a karɓi shaidar an karɓa, domin abin da aka faɗa da baki ba a rubuta ba kamar ba a faɗa ba ne. Sashe na 116 ya yarda lauya ko ƙwararren akanta ko ma'aikacin kamfani ya wakilce ku. Jami'an tarayya suna da umarnin yin zama ta bidiyo, don haka kana iya halarta daga Kano. Idan fayil ɗin yana hannun jami'in jiha, a roƙi hakan a cikin takardar neman zama.

Kada nisan Kano ya sa ka sakar wa abokin hulɗarka komai, Alhaji. Idan sunanka yana cikin daraktocin kamfanin a shekarar da ake magana, sashe na 89 ya ce harajin da aka kasa karɓa daga kamfani mai zaman kansa ana bin daraktocinsa, tare ko ɗaya-ɗaya, sai wanda ya nuna ba sakacinsa ba ne. Ka sa a ba ka damar shiga shafin GST na kamfanin da kanka, a mayar da imel ɗin rajista wanda kai ma kake gani. A makon nan a turo maka takardar Satumba da duk abin da ke maƙale da ita, da amsar akanta ta DRC-06, da cikakken hukuncin, da hoton shafin da ya nuna ranar da aka ɗora shi, domin daga wannan ranar lauya zai fara ƙirga wata ukun.